Lallen Dubai daga Umbadda

A unguwar su Barira da ke Umbadda, a Umdurman ta ƙasar Sudan, idan aka sa ranar biki abu biyu ake fara tambaya: ina za a kafa rumfa, kuma an gaya wa Barira? Shekara talatin da ɗoriya ta yi tana zana lalle a hannun amare. Maƙwabtanta Larabawa suna ce mata hannana, 'yan'uwanta Hausawa suna ce mata mai lalle, ita kuwa duk wanda aka kira ta da shi tana amsawa, muddin an haɗa da Hajja. Ba ta je Makka ba tukuna, amma ta ce niyyarta ta daɗe da isa can.

A Jazira, yankin Wad Madani, aka haife ta, cikin bukkokin masu tsinkar auduga. A bakin magudanar ruwa ta koyi zane, da tsinke, a kan laka. Shi ya sa har yau duk hannun da ta yi wa lalle sai ta ɓoye masa ɗan ƙaramin kan auduga a wuyan hannu, tsakanin furanni, inda ba kowa ke lura ba.

A shekarar da layin burodi ya fara kaiwa bakin titi, wata damuwar daban ce ta sami Barira. 'Yan mata sun daina miƙo mata hannu su ce, "Hajja, yi abin da kika ga ya dace." Waya suke fara miƙo mata. Kowace da zanen da ta zaɓo a cikin manhaja, na Indiya, na Maroko, na ƙasashen da Barira ba ta san akwai mata a cikinsu ba.

Cutar har cikin gidanta ta shigo. Munira, autarta, ɗaliba ce mai shekara ashirin da ɗaya, wadda ke fara magana da Hausa ta ƙarasa da Larabci. Wayarta cike take da irin waɗannan manhajoji. Akwai mai gwada wa mutum jan baki, akwai mai gyara gira, akwai mai sa wa hoto tufafi. A cikin waya Munira tana da jan wando da gashi har kafaɗa. A titi kuwa, saboda 'yan sandan da ke tare mata a kan sutura, doguwar riga da mayafi take sawa kamar kowa.

"Duk kyauta ne, Yumma," Munira ta ce wa uwarta. "Majjani. Ga ta lalle ma, zane ya fi dubu."

"Wanda ya zauna ya yi zane dubu ya bayar kyauta," Barira ta ce, "ko dai ba ya jin yunwa, ko ba shi da mai faɗa masa gaskiya. Ɗauke min abin nan daga fuska."

Amma da zarar Munira ta shiga wanka, sai Barira ta ɗauki gilashin mijinta Labaran ta ɗora a hanci, ta jawo wayar tana turawa da yatsa ɗaya tana tsaki. Ba ta san yadda ake fita daga manhajar ba, saboda haka kife wayar take yi ta koma bakin murhu. Kullum Munira tana tarar da ita a buɗe, kullum kuma ba ta cewa komai.

Wata Talata da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Khadiga ce da 'yarta Ni'mat, wadda bikinta ya rage kwana goma. Khadiga 'yar unguwar ce a da, amma tun da mijinta ya buɗe shagon firji suka koma cikin Khartoum, Hausarta ta koma kamar ta aro. Da son ranta ne da wani gidan kwalliya na cikin gari za ta kai 'yar. Kakar amarya ce ta rantse babu mai taɓa hannun jikarta sai Barira.

Aka shimfiɗa musu tabarma, aka kawo kofi. Bayan gaisuwa Khadiga ta gyara tob ɗinta, wato mayafin nan mai tsawo da matan Sudan ke naɗawa, ta ce, "Hajja Barira, kada ki ji haushi. Yarinyar nan wani zane ta gani, na Dubai ne. Idan ya fi ƙarfinki ki faɗa mana tun yanzu, ba abin kunya ba ne. Zamani ne ya canja."

"Ni na yi miki lallenki, Khadiga," Barira ta ce. "Kina kuka kina jan majina, hannunki yana rawa, kuma ya fito. Mu gani."

Ni'mat ta miƙo waya. Barira ta sa gilashi, ta riƙa matsar da wayar gaba da baya har hoton ya tsaya.

Hannu ne na hagu a kan jan ƙyalle. Reshe ya taso daga wuyan hannu, ya yi kwana biyu, ya rabu uku ya bi yatsu. Ta ce wa Ni'mat ta ƙara girman hoton. Ga kan audugarta nan, a ɓoye ƙarƙashin fure na biyu. Ga ɗan yatsan ƙarshe a lanƙwashe kaɗan, irin na wanda ƙofa ta taɓa datsewa yana yaro. Ga kuma, kusa da babban yatsa, wani ganye guda da ya karkace ya bar layinsa.

Ta san ganyen nan. Shekara uku ke nan yana damunta.

"Wannan hannun Wafa ne," ta ce. "'Yar ƙanena da ke aure a unguwar Mayo. Ni na zana shi, a tsakar gidan nan, can inda akuya take ɗaure."

Khadiga ta dubi akuyar, ta dubi 'yarta. Ni'mat ta sunkuyar da kai tana cizon leɓe.

"Hajja," Khadiga ta ce a hankali, irin muryar da ake yi wa mara lafiya, "an rubuta a ƙasa. Sarauniyar Dubai, haka sunan zanen yake. Hannaye ai suna kama da juna."

"Hannaye suna kama. Aikina ba ya kama da na kowa."

Suka rabu a kan za su dawo ranar Alhamis ta gaya musu ko za ta iya.

Da Labaran ya dawo daga Kasuwar Libiya, inda yake da rumfar takalman mata, ya tarar ba a ko ɗora girki ba. Ya saurari labarin yana cire takalmi, sannan ya ce, "To, ai abin farin ciki ne. Aikinki ya hau jirgi, mu ko fasfo ba mu da shi."

"Malam, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Ki tambaye shi ko akwai zafi a can."

Munira ta nemo zanen a manhajarta. Mutum dubu goma sha wani abu sun danna masa alamar so. Barira ta sa aka maimaita mata adadin sau biyu, sannan ta ce wa Munira gobe ba makaranta, Mayo za su.

Mota uku suka hau. A kan gadar Farin Nilu suka yi kusan awa guda a cunkoso, Barira tana fifita da gefen tob ɗinta tana ba matar da ke kusa da ita labarin tun daga farko. Kafin su sauka rabin motar sun goyi bayanta, wani tsoho ma ya ce ta kai ƙara, sai dai bai san wurin wa ba.

Suka sami Wafa tana wanki, da goyo a baya. Da ta ga hoton ta saki ihu, ta share kumfa a zane, ta ɗora hannunta kusa da wayar. Yatsan nan dai shi ne, sai dai sabulu ya ci fatar.

"Gwaggo, wallahi hannuna ne! Dube shi lokacin yana hutawa!" Ta yi dariya har goyon ya farka. "Ƙawata ce ta ɗauka ta sa a wani zauren mata na waya. Daga nan ban san inda ya bi ba. Ashe har Dubai na je ban sani ba, ga ni nan ina wanke wandunan mijina Isma'il."

"Akwai cikakken hoton?" Munira ta tambaya. "Wanda ba a yanke ba?"

Akwai, a tsohuwar wayar mijin Wafa. Aka nemo ta a ƙasan akwati, aka kai ta gidan maƙwabta masu wuta, aka jira ta farfaɗo. Da hoton ya buɗe, su ukun suka haɗa kai a kansa.

Ga hannun Wafa a tsakiya. A gefe kuma ga Barira a tsugune, gumi ya wanke mata fuska, tob ya zame ya bar furfura a waje, gilashin Labaran a karkace an ɗaure masa ƙafa ɗaya da zare. Harshenta ya leƙo ta gefen baki, yadda yake yi duk lokacin da aiki ya ɗauke mata hankali, abin da babu wanda ya taɓa samun ƙarfin halin gaya mata. A bayanta akuya tana cin igiyar shanya.

Wafa da Munira suka riƙe juna don dariya. Barira ta daɗe tana kallo.

"Wannan ba za a nuna wa Khadiga ba," ta ce.

"Yumma, shi ne shaidar."

"Na ce ba za a nuna ba. Matar da ta zo gidana da mota?"

A hanyar dawowa Munira ta ce akwai dabara. Ta buɗe manhajar gyaran fuska, ta goge gumin, ta jawo tob ɗin ya rufe furfurar. Barira ta leƙo.

"Gilashin fa?"

Aka cire gilashin.

"Mayar da harshen ciki."

Aka mayar.

"Waɗannan layukan na goshi, ai ranar ce ta sa na yamutsa fuska. Ba nawa ba ne."

Munira ta share su. Daga nan Barira ta karɓi ragamar aikin. A ƙara hasken fata kaɗan. A ɗan buɗe idon. Jan bakin nan ya yi yawa, a sa wancan. Kumatun a rage. Akuyar a kore ta. Kafin su iso Umdurman, wata mace ce mai kimanin shekara ashirin da takwas take tsugune kusa da hannun Wafa, fuska sumul kamar faranti.

"Haka nake lokacin da babanki ya fara ganina," Barira ta ce.

Da aka nuna wa Labaran, ya juya wayar dama da hagu ya ce, "Da haka kike ai da ban samu shiga ba. 'Yan kasuwar Wad Madani sun riga ni."

Ranar Alhamis Khadiga da Ni'mat suka dawo. Barira ba ta bari an gama gaisuwa ba ta miƙa wayar Munira, ta koma ta jingina da bango ta harɗe hannu.

Khadiga ta duba, fuskarta ta washe. "Kin gani? Ba na faɗa ba? Ga mai zanen nan da kanta. Dubi fatarta, ya salam. Irin waɗannan rana ba ta taɓa ganinsu, daga sanyin gida sai sanyin mota."

"Ni ce."

"Wace?"

"Ni ce, Khadiga. Dubi da kyau."

Khadiga ta dubi hoton, ta ɗago ta dubi Barira, ta sake duban hoton. Mace ce mai tarbiyya, ba ta san ta inda za ta fara ba.

Munira tana bakin ƙofa tana kallon sama. Barira ta auna abin a ranta: ko a ce aikin na wata yarinyar Dubai ne, ko a ga harshenta.

"Munira. Nuna musu ɗayan."

Ni'mat ce ta fara fashewa, ta kifa kai a cinyar uwarta. Khadiga ta yi ƙoƙarin daurewa, ta kasa. "Harshen nan!" ta ce da Hausa tsantsa, aron ya tafi. "Wallahi na tuna harshen nan! Ranar lallena shi na riƙa kallo har na daina kuka!" Ta rungume Barira tana share hawaye. "Yafe min, Hajja. Naki ne. Har akuyar na gane."

"Uwar wannan ce," in ji Barira. Ta so ta ci gaba da ɗaure fuska, abin ya ƙi.

Da dariya ta lafa ta ce wa amarya, "Zan yi miki shi, kuma zai fi na hoton. Kin ga ganyen nan da ya karkace? Kuskure ne. Hayaƙin turare ne ya shiga hancin Wafa ta yi atishawa, hannuna ya goce. Naki zan miƙar da shi."

Ni'mat ta zaro ido. "La, la, Hajja! Saboda shi na zaɓi zanen!"

Munira ta karanto abin da mata suka rubuta a ƙasan hoton. Wata ta ce ganyen kamar iska ce ta kaɗa shi. Wata ta ce a nan ake gane ƙwararriya. Wata daga wata ƙasa ta ce ta kai wa masu lalle uku, duk sun kasa fitar da karkatar.

"Atishawa ce," Barira ta sake faɗa, amma muryarta ta yi ƙasa.

Nan aiki ya tsaya mata. Ta gwada a takarda, ganye ya fito a miƙe. Ta sake, ya fito a miƙe. In ta karkatar da shi da gangan sai ya yi kama da ƙugiya. Hannun da ya shekara talatin yana koyon kada ya goce ya ƙi gocewa. Ta ce laifin takarda ne, lalle fata yake so. Munira ta ɓoye hannayenta ta ce nata na biki ne.

Ranar Juma'a bayan an ci abinci, Labaran yana kishingiɗe a gadon igiya a inuwa, sai ya ga matarsa tsaye a kansa da ƙunshin lalle.

"Malam, aron hannu nake so."

Ya yi gardama iya ƙarfinsa. Daga ƙarshe ya yarda da sharaɗi ɗaya: a sama da gwiwar hannu kawai, inda ko alwala ba ta kaiwa.

"Zai fita dai ko?"

"Komai yana fita," in ji Barira.

Ganye huɗu suka cinye damtsen hagu, duk a miƙe. Ta ce ya yi atishawa. Ya yi wata irin ta ƙarya mai ƙarfi har akuya ta zabura, lalle ya ja layi zuwa kafaɗa. Ta ce ya rage. Ya rage, ba abin da ya motsa. Munira ta kawo barkono, ya rantse zai bar gidan. Wuri ya ƙare a sama, Barira ta gangaro ƙasan gwiwar hannu tana ba shi labarin wani abu daban don kada ya lura. Ya lura, amma hannun yana cinyarta, kuma rabon da ta riƙe shi haka tana masa hira an daɗe. Ya bar ta ta ci gaba.

A hannun dama, ganye na goma sha ɗaya, ta gano abin. Ba yatsu ke gocewa ba, wuyan hannu ne, kuma sai ta saki numfashi a daidai tsakiyar ganyen. Ta yi guda uku a jere, duk suka kwanta gefe kamar iska ta kaɗa su.

Ranar lallen Ni'mat gida ya cika da mata da guɗa da hayaƙin turare. Barira ta yi aikinta a natse, bakinta a rufe gam, don ta san wayoyi nawa ke kallonta. Da aka wanke hannun, mata suka yi ta jera shi da hoton suna cewa, "Sak na waya!" Daɗi da haushi suka haɗu mata wuri guda. Kakar amarya ce ta rama mata, ta buga sanda a ƙasa ta ce, "Na wayar ne sak nata, marasa kunya."

Shi kuwa Labaran, baƙin lalle ya kama shi kamar an haife shi da shi. Kwana biyu yana yin alwala a gida ya riƙe ta har La'asar, ya daina shan shayin rana, abokan kasuwa suna tambayar ko azumi yake. A rana ta uku cikinsa ya ci amanarsa. Dole ya tsuguna a wurin alwalar masallacin kasuwa, ya naɗe hannun jallabiya a gaban jama'a.

Da yamma ya shigo gida bai yi sallama da ƙarfi ba. Ya zauna a bakin gado ya cire hula.

"An gani," ya ce.

Barira ta ajiye tsintsiya. "Wa ya gani?"

"Wa bai gani ba? Jafaru mai jakunkuna ne ya fara. Ya ce, 'Ango, ba gayyata?' Yanzu duk layinmu Ango suke ce min. Mai shayi ya yi min guɗa. Liman ma sai da ya riƙe hannuna ya daɗe yana dubawa, ya ce ba shi da fatawa a kai amma aikin ya yi kyau." Ya share fuska. "Mutum biyu sun karɓi lambarki, suna da bikin 'ya'ya bayan Salla. Jafaru kuma har hoto ya ɗauka."

"Hoto?" Barira ta matso. "Wane hannun ya ɗauka?"

"Me ya dame ni da wane hannu?"

"Malam, wane hannun?"

"Na dama."

Ta sauke ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi. Na hagun duk gwaji ne, bai kamata a gani ba."

Labaran ya dube ta, ya dubi Munira da ta toshe baki da mayafi, ya dubi hannunsa.

"Yaushe zai fita?"

"Mako biyu," in ji Barira. Ta kama hannun ta juya shi wajen haske. "Zai iya kai uku in ka daina dirje shi da sabulun wanki. Dubi nan, har ka fara ɓata min na tsakiyan."